Kyamarar Na-Gwaggo

Duk uwar da ke da yaro mai riƙe kyamara ta karanta wannan har ƙarshe. Kada wata ta zo gaba ta ce ba a faɗa mata ba.

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, dab da magariba, Allah Ya karɓi ran ɗan yayana, wanda kowa ke kira Na-Gwaggo saboda a hannuna ya tashi. Bai cika talatin ba. Ya bar mata da jaririya ko zama ba ta fara ba.

Na-Gwaggo, ka san ban so wannan kyamara ba. Ranar da ka ce za ka saya, na ce maka mutum mai aiki a gidan buga takardu ba ya rasa abin yi da albashinsa. Ka saurare ni har na gama, kanka a sunkuye, kamar yadda na koya maka. Sannan ka kai ni ɗakin kakarku. Ta daɗe a kwance, labule a sake domin haske na sa idonta hawaye. Ka nuna mini hotunan da ka ɗauka da waya: baƙi ƙirin, sai ka ce ba mutum a gadon. In kuwa an kunna fitilar nan mai walƙiya, sai ta firgita ta rufe fuska. Ka ce, “Gwaggo, so nake 'ya'yana su ga fuskarta.” Ban ce na yarda ba.

Ka yi ta zirga-zirga shago-shago har muka gaji da kai. Kana zuwa cin abinci sai zancen gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba. Wai iri biyu ne: akwai mai jawo abu kusa kana tsaye wuri guda, amma ba ya gani sosai a duhu, akwai mai faɗin ido da ke shan haske ko a ɗaki mai labule, sai dai shi ba ya jawowa, ba ya turawa. In kana son mutane su shiga hoto da yawa, kai ne za ka ja baya da ƙafarka. Wannan na biyun ka zaɓa, saboda tsohuwa.

Hoton ya fito. Tana jingine da matashi, hasken da ya sato ta gefen labule ya kwanta a kumatunta, tana hararar ka. Shi ne kaɗai hotonta na kirki da muke da shi.

Daga nan ba wanda ka ƙi ɗauka. Telan bakin layi da ke ɗinki a lungun da rana ba ta shiga, ka ɗauke shi a kan kekensa, ka wanke ka kai masa kyauta. Autata kuwa ka mai da ita ɗalibarka. Kana rataya mata igiyar a wuya kana cewa, “Riƙe numfashi, sarauniyar rawar hannu, hoto ne ba tankaɗe ba.”

Ranar Talatar, babanka ya kwashi yara ya je nuna musu benen da yake ginawa. An zuba kankaren sama, amma ba a ɗora katangar gefe ba. Kuka hau can sama, har da kai da kyamararka. Rana ta kusa faɗuwa, irin hasken da kake so. Ka jera su. Autata ce a ƙarshen layi, ta ce, “Yaya, na fito kuwa?” Ka ce, “Saura kafaɗarki, tsaya.” Idonka ɗaya a cikin kyamara, ɗaya a rufe, ka ja baya kamar yadda ka saba yi a tsakar gida. A ƙasa tulin bulo ne.

Ajali ne, na sani, kuma ban ja da hukuncin Allah ba. Amma zan faɗi gaskiya ko a kan gawa: mai hankali yana waiwayawa kafin ya taka. Manya kuma da suke tsaye suna gyara hula, ba wanda ya dubi abin da ke bayanka.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya raya abin da ka bari. Ina miƙa ta'aziyya ga yayana da mahaifiyarka, da matarka da ta zama gwauruwa da ƙuruciyarta. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Yanzu saura mai rai. Tun ranar autata ba ta cin abin kirki, ba ta zuwa makaranta. Abu ɗaya take nanatawa: “Mama, da ban tambaya ba.” Na ce mata ta daina shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa, tambayarta ba ta kashe kowa ba. Shekaranjiya yayana ya aiko da kyamarar, ko tsagewa ba ta yi ba, ya ce a ba yarinyar, shi ba zai iya kallon kyamarar ba. Na so in kulle ta a akwati. Sai na ga idan na kulle, na tabbatar wa yarinyar nan cewa laifi ta yi, kuma haka za ta girma da shi. Na kira ta, na rataya mata igiyar da hannuna. Ta yi kuka, na bar ta ta gama.

Sannan na tara gidan, har da babansu, na kafa doka. Ba mai kai kyamara ido sai wani na tsaye a bayansa, tafin hannunsa a gadon bayan mai ɗauka. Ba mai ja da baya don wani ya shiga. Wanda bai fito ba ya haƙura, a ɗauke shi shi kaɗai.