Kaset ɗin Supabaiza Bala

Shekara shida Bala ya yi yana wanke fatu a wani kamfanin jima da ke Challawa, kuma shekara shidan nan duk mutanen ƙauyensu, can wajen Gumel, sun san shi supabaiza ne. Shi ya gaya musu. Idan zai je gida da salla sai ya saƙala biro biyu a aljihun gaba, alhali sunansa ma da ƙyar yake rubutawa.

Lokacin sabis ɗin waya bai kai ƙauyen ba, don haka wasiƙarsa kaset ce. Duk wata yakan ɗauki muryarsa ya ba direban motar kasuwa ya kai wa matarsa Zuwaira. A ɗakinsu na Zawaciki ba ya iya ɗauka, su biyar ne a ciki, kuma da ya ce "ni da yarana na ofis" za su fashe da dariya. Sai ya riƙa laɓewa bayan injinan juya fata lokacin hutun rana. Muryar takan fita a dagule, rabi Bala rabi inji.

Abin da ya tayar masa da hankali shi ne saƙon da surukarsa Uwani ta aiko: wane irin ofis ne wannan da ya fi injin niƙa ƙara? Bala ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi. Girman nan shi ne kaɗai abin da ya tara a Kano.

A shekarar 2006 aka nuna masa shagon Tijjani a Na'ibawa, mai kwamfuta ɗaya da fanka. Tijjani ya samo wata manhaja ta kyauta a intanet, yana ji da ita kamar shi ya ƙera ta.

"Malam Bala, abin ba wuya," in ji shi. "Zan juye kaset ɗin a kwamfuta. In nemo inda ka yi shiru, injin kaɗai ke kuka, in nuna mata in ce wannan ne abokin gaba. Duk inda ta ji irinsa sai ta share."

"Har ya zama kamar ofis?"

"Kamar ofishin manaja ma."

Aka yi aka gama. Tijjani ya kunna farkon, sai ga muryar Bala tas, sai dai ta ɗan yi kamar mai magana cikin tulu. Bala ya ce a kashe haka nan, ya gamsu, direba na jira a tasha. Tijjani ya so ya ƙara bayani, cewa manhajar ƙarar da ba ta canzawa take cirewa, ba ta taɓa maganar mutum. Bala ya riga ya kai bakin titi.

Wannan karon har saƙo ya haɗa da shi, a tara mutane su ji. Aka kuwa taru a tsakar gida, Uwani a gaba. A kaset ɗin, Bala na cikin bayanin yadda ya kori ma'aikata uku saboda lalaci, sai wata murya da inji ya saba binnewa ta fito daga bayansa, garau, muryar shugaban aiki:

"Kai Bala mai wanki! Fatun nan su za su wanke kansu? Ajiye rediyon nan ka koma ramin wanki."

Sai kuma muryar supabaiza Bala, a ladabce: "To, ranka ya daɗe."

Bayan mako biyu amsa ta iso. Bala ya kai ta bayan injinan, ya kara rediyon a kunne. Zuwaira ce, ba fushi a muryarta, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Baban Amina, mun ji saƙo, ya fita sosai. Inna ta sa an maimaita wurin sau uku. Ni dai tun sallar farko na gane, don hannun mai riƙe biro ba ya irin wannan warin. Shekara shida ina ce wa mutane injin sanyaya ofis ne suke ji. Da ka bar ƙarar nan, da har yanzu ina rufa maka asiri."

Bala ya kashe rediyon. Ya cire biron biyu daga aljihu, ya rasa inda zai ajiye su, sai ga kiran shugaban aiki daga bakin rami.