Wasiƙar Amana Zuwa Jami'a

A shekarar da na dawo Tudun Wada daga makarantar 'yan mata ta Kano, yayana ya sami gurbi a babbar makarantar nan ta Kudu, wadda yanzu muke kira jami'a. Masinjan hakimi ne ya kawo takardun: wani ɗan littafi mai hotuna, da takarda guda wadda sai Baba ya sa mata hannu kafin a karɓi Yaya. Ya ce ranar kasuwa zai dawo ya amsa. Yaya yana Zariya wajen jarrabawa, don haka ni aka ɗora wa bayani.

Kwana biyu na yi ina kallon littafin. Akwai hoton ɗakin karatu mai hawa-hawa, bangonsa huda-huda kamar rariya don iska ta ratsa. Har ƙamshin takardun nake ji a raina. Na tsara jawabina tsaf, na sami Baba a zaure bayan la'asar yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi.

"To, Malama, karanto mu ji," in ji shi.

Na ce makarantar gari ce guda. Akwai inda ake koyon likitanci, akwai na noma da gonarsa, akwai na tarihi da harsuna, ga ɗalibai daga ko'ina. Na kai ga ɗakin karatun, na yi ta yabonsa.

"Na ji. Wane ne malamin?"

"Suna da yawa, Baba."

"Nasa nake tambaya. Wanda zan damƙa shi a hannunsa."

A gidanmu ba a tura yaro koyon kome, ko ɗinki ne, sai uba ya kama hannunsa ya sa a na mai koyarwa. Haka aka kai shi Baba karatu garin Kiru yana yaro. Na ce can wannan ya koyar da safe, wancan da rana, kowa da fanninsa.

"In ya yi zazzaɓi fa, wa zai sani? Gini?"

Nan na yi kuskuren da har yau yake ba ni haushi. Don in burge shi, na ce ai malaman ba koyarwa kaɗai suke yi ba, bincike suke, suna neman abin da ba a sani ba tukuna.

Ya ajiye igiyar. "Su malaman? Ashe ba su sauke ba."

"Ba haka ba ne, Baba."

"Ke kika ce ba su sani ba. In kai ɗana wajen masu nema? A bari su gama, sai ya je."

Na fita bayan gidanmu na tsaya ƙarƙashin ɗorawa ina ta hawayen takaici. Yaya ya yi shekaru yana karatu saboda wannan gurbi, ga shi zan ɓatar masa da bakina.

Washegari na koma na ce akwai shugaba, shi ne babba a kan malaman duka.

"Yauwa! Tun jiya ina wannan? Ɗauko alƙalami."

Ya yi ta faɗa ina juyawa zuwa Turanci. Bayan gaisuwa, ga ɗana nan amana. A tashe shi sallar asuba, yana da nauyin barci. Ba ya cin kuɓewa. In ya yi rashin kunya a tsawata masa, in ya ƙi ji a sa bulala, na yafe. Mutumin da ake magana a kansa har gemu ya fara ajiyewa.

"Baba, ba a dukan kowa a can."

"Rubuta dai. Shi ya san abin da zai yi da izinin."

Na rubuta. Ya sa na maimaita masa da Hausa sau biyu, ya kama ni na tsallake kuɓewa, na mayar. Sannan ya ce a haɗa da gorar zuma ta Doguwa, don ba a zuwa wa malami hannu sake.

Ranar kasuwa masinja ya iso. Baba ya jawo takardar jami'a, ya rubuta sunansa da ajami a hankali, ya hura tawadar har ta bushe, ya miƙa masa ita tare da wasiƙar da gorar.

"Ka ce a ba shugaban a hannunsa," in ji shi.