Baƙon direban da muka samo wa Inna

Idan ana maganar sanin mutane tsakanin Gwarzo da Kabo, ni dai ban ga na biyuna ba. Shekarun da na yi ina tsara zirga-zirgar motar nan ta gwamnati, wadda ke kai tsofaffi da guragu da makafi da marasa hali asibiti kyauta, sun sa na haddace jama'ar yankin nan kamar karatun allo. Tsoho ya yi tari a Lakwaya, daga kan kujerata a ofis zan gaya maka ko wane ne, har da abin da ya karya da shi. Na san dattawan Getso da suka daina gaisawa saboda iyakar gona, ba na haɗa su kujera ɗaya. Na san mai amai a mota, taga nake ba ta. Har cewa nake yi in da ni ake bai wa jirgin alhazai, babu wanda zai sauka a Jidda da fushi.

Motar kuwa bas ce fara guda ɗaya tilo, ta girmi wasu daga cikin fasinjojinta. Ba ta tashi sai an lallashe ta, in ta tashi kuma har a Katsina ana jin labari. Aikina shi ne in san wanda za a ɗauko, da inda za a ɗauko shi, da inda zai zauna.

Wata damina likitocin ido suka zo asibiti a Gwarzo suna cire wa mutane yana kyauta. Ranar da za su rufe karɓar sababbin marasa lafiya ita ta faɗo kan mutanen Kabo. A cikin waɗanda zan ɗauko akwai wata tsohuwa a Dugabau, kowa Inna yake ce mata. Yana ta rufe mata ido biyu, sai dai ta bambance rana da dare. An gaya mini tana da jikokin da ta goya amma ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. In ta rasa wannan zuwan, babu wanda ya san lokacin da likitocin za su dawo, kuɗin aikin a Kano kuwa ba na gidansu ba ne.

Sai direbanmu ya wayi gari da zazzaɓi. Ban ko girgiza ba. Na aro wani direba daga Kabo, mutum mai sanyin hali, mai ɗan tari-tari, wanda in ka yi masa magana sai ya duba ƙasa kafin ya amsa. Da na ce masa za mu biya Dugabau na ga ya ɗan sosa ƙeya, amma na ɗauka laka yake tsoro. Muka kwashi na cikin Kabo, ciki har da wani dattijon malami mai makarantar allo da ƙafa ta dame shi, muka ɗaure keken wani gurgu a saman mota, muka kama hanya.

Saboda gwiwar Inna, kujerar gaba na ajiye mata, kusa da direba. Na yi alfahari da wannan dabarar har na faɗa wa fasinjoji sau da yawa a hanya.

Muka tsaya a ƙofar gidan. Ƙanwarta, ita ma tsohuwa, ta riƙo hannunta suka fito, an ci ado kamar za a je biki. Muka gaisa, muka tambayi kwana da gajiya da ruwa da shuka da yara, na buɗe mata ƙofar gaba da kaina. Ta ɗaga ƙafa ke nan za ta taka, direba ya yi ɗan tarin nan nasa. Inna ta mayar da ƙafarta ƙasa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta lalubi bango, ta koma zaure da saurin da ban taɓa ganin mai ido ya yi ba. Na waiwaya in tambayi direba, babu shi a kujera. Can na hango shi a gindin darbejiya, ya tuɓe takalmi ya tsuguna, kansa a ƙasa.

Ƙanwar ce ta yi mini bayani, tana kallona kamar yau aka kawo ni garin. Direban mijin 'yar farin Inna ne. Tun da aka ɗaura auren nan ba su taɓa zama a inuwa ɗaya ba. In ya zo gaisuwa daga bayan danga yake tsugunawa, a kai saƙo a dawo da amsa. Ni kuma, masanin mutanen Gwarzo da Kabo, na shirya musu zama kafaɗa da kafaɗa har Gwarzo.

Na shiga zaure na tsuguna na fara wa'azi. Na kawo maganar lalura, na kawo maganar jikoki, na ce gwamnati ce da kanta ta aiko ni. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta gode wa gwamnati, amma idon da za a buɗe mata ta hanyar zubar da kunya, gara a bar mata shi a rufe, ta saba. Na koma wurin direba, shi kuma ya ce ko da ta yarda ta zauna a baya, ba zai iya ba ta ƙeya tun daga Dugabau har Gwarzo ba. Na ce to ni zan tuƙa. Kafin in rufe baki gurgun nan ya ce a sauke masa kekensa, wata tsohuwa ta fara salati. Na ce a nemo ɗan acaɓa, ƙanwar ta nuna mini hanyar da ruwa ya mayar kunu, ta tambaye ni ko ido za a je gyarawa ko ƙashi. Hantsi yana ta ɗagawa, zufa ta jiƙe mini babbar riga.

Malamin nan mai makarantar allo ya yafito ni da carbinsa. Ya ce ba tafiyar ce Inna take ƙi ba, sanin da jama'a suka yi cewa ta san wanda ke tuƙin shi ne damuwarta.

"Ni bakina bai saba ƙarin gishiri ba," in ji shi. "Amma kai tun daga Kabo nake jin ka, Allah ya hore maka. Ka sallami surukinta, ka samo mata wani direban."

Na ce a ina zan samo wani direba a Dugabau da wannan hantsin. Ya dube ni kawai, ya ci gaba da jan carbi. Sai da na ɗan jima kafin abin ya shige ni.

Direba ya je bayan danga ya yi sallama da ƙarfi, ya ce wani uzuri ya taso masa, zai koma Kabo. Aka amsa masa daga ciki, aka ce ya gai da gida. Ya taka da ƙarfi har ya sha kwana, sannan ya zagayo ta bayan rumbuna da takalmi a hannu, ya sulale cikin mota. Ƙanwar ta kawo zani muka ɗaure tsakanin kujerar direba da fasinjoji. Ni kuma na shiga zaure na yi abin da na fi iyawa. Na ce Allah ya kawo mana wani baƙon direba Bakatsine, dogo har sai ya sunkuya a mota, ya yi shekaru yana jan tirela zuwa Agadas, ba ya magana da kowa, bai san kowa a nan ba. Inna ta saurare ni har na gama. Ta ce to madalla, Allah ya yi wa baƙo albarka. Ta miƙa wa ƙanwarta hannu, aka kai ta kujerar can baya.

Bawan Allah nan ya riƙe tarinsa har idonsa ya yi ja. Amma da muka faɗa wani rami, tarin ya ƙwace. Gurgu ya cusa hula a baki. Sai muryar Inna daga baya, a natse, tana yi wa ƙanwarta magana yadda kowa zai ji.

"A gaya wa Bakatsinen nan ya rage gudu, yana da iyali. Kuma tarin nan ya daɗe, tun sallah ake fama da shi ya je asibiti ya ƙi. Tunda ga mu za mu, ya shiga a duba shi."

Malam ya ce za a gaya masa. Na leƙa bayan labule, na ga Bakatsine yana gyaɗa kai yana share ido da hannun riga.

Mun isa ana shirin rufe layi. Na rantse da a ce wata akuya ta tsallaka mana titi, da mun makara. Aka yi wa Inna aiki a ido ɗaya, aka rufe da bandeji, suka kwana a asibiti. Direba kuwa ya bi layin masu tari ba tare da kowa ya sake ce masa komai ba.

Washegari na zo kwashe su, na tarar za a buɗe mata idon. Na tsaya a gabanta na gyara hula, don in zama abu na farko mai kyau da za ta gani. Aka cire audugar. Ta ƙifta, ta dubi hannuwanta, ta dubi ƙanwarta ta daɗe, ta ce ashe ita ma ta tsufa haka. Suka yi dariya suna kuka. Sai na yi gyaran murya na fara yi mata barka, ina ba ma'aikatan jinya labarin yadda na shawo kan lamarin Dugabau ni kaɗai. Inna ta juyo da sabon idonta, ta dube ni daga hula har takalmi, ta sake dubawa, sannan ta taɓa ƙanwarta.

"Wai duk hayaniyar nan ta jiya, daga jikin ɗan wannan mutumin take fitowa?"