Gonar da Aka Ba Masu Neman Mai

Lokacin zafi a Riyad, ɗakinmu na unguwar Shumaisi ba ya zaunuwa. Baba direba ne, kuma Balaraben da yake wa aiki yana da gonar dabino a bayan gari. In an yi hutun makaranta yakan bar mu mu tare a ɗakin mai gadi. Bayan ɗakin akwai ɗan fili da awaki da famfon ban ruwa. A nan Kaka, mahaifiyar Baba, take hura gawayi bayan magariba ta ɗora shayi, ni da ƙanena Bashir mu kewaye ta. Umra ta zo, Baba ya riƙe ta. Larabci ya cinye bakinmu, don haka ta ce sai ta gyara mana Hausa da tatsuniya.

Wata Juma'a Baba ya dawo daga kasuwar gwanjo da kwalin tsofaffin littattafai. A ciki na sami wani mai yagaggen bango, cike da hotunan rijiyoyin mai da dogayen ƙarafa a tsakiyar sahara. Na kai wa Kaka da murnata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe shi ta tura gefe.

Da yamma ta ce, “Ku matso, yau ga wata nan da ban taɓa ba ku ba.”

Wai wani manomi ne can wajen tafkin Cadi, yana da gona da rijiya a gefenta. Sai ga baƙi da manyan motoci, suka ce akwai man fetur a ƙarƙashin ƙasarsa, ya ba su hayar gonar. Matarsa ta ce, “Malam, to ruwanmu fa?” Ya ce in mai ya fito, famfo zai ja mata har tsakar gida. Baƙin suka haƙa ramuka a jere, suka binne nakiya. Ranar da za su fasa nakiyar, an gaya wa maza a masallaci, amma ba wanda ya tuna da mata. 'Yar manomin tana bakin rijiya da guganta sai ƙasa ta girgiza, bakin rijiyar ya rufta da ita.

Muka jira a ce ta fito. Bashir ya ce, “Kaka, sai Gizo ya zo ya ciro ta, ko?”

“Babu Gizo a wannan,” in ji ta. “Yayanta ne ya ciro ta, washegari. Mai kuwa ba a samu ko ɗigo ba.”

Na ce, “Yaya sunanta?”

Ta dube ni. “Hadiza. Sunanta kika ci.”

Baba yana gefe yana wanke mota. Na ga ya saki tiyo, ruwa na kwarara a kan ƙafafunsa. A hankali ya ce, “Inna, ya isa.” Ban taɓa sanin Baba ya yi ƙanwa ba, balle in san shi ne ya shiga ramin.

Na daɗe ina jin haushin kakana, mutumin da ban taɓa gani ba. Sai da na girma na ga yadda talauci ke sa mutumin kirki ya amince da baƙo, na daina. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne Baba. Har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Kullum “ƙanwata” yake ce mini, ni kuwa duk ƙuruciyata na ɗauka wasa yake yi.