Ranar da Na Mayar da Gyaɗa Cikin Ƙasa

Har yau idan na ji ƙamshin ɗanyar gyaɗa da aka tuge da ƙasarta, sai bayana ya fara ciwo. Bari in gaya maka dalili.

A wani ƙauye na tashi tsakanin Kankara da Faskari, cikin 'yan gidajen nan na Kirista da ke gefen rafi. Shekarun da kuɗin mai ya shigo ke nan. Babana ya samu aikin hanya, ya dawo da babur da rediyo, har shinkafar waje muka fara ci. Ni kuwa ina budurwa 'yar sha huɗu, bakina ya fi rediyon ƙara. Ba abin da nake mafarki sai wani takalmi mai dogon dunduniya da na gani a kasuwar Yankara, wanda idan kika hau shi sai kin sunkuya ki gaida rimi.

Kakana shi kaɗai bai daina noma ba. Sai dai kowa ya san aikinsa ya lalace. Idan yana cirar gyaɗa, kunyoyin da ke bakin rafi sama-sama yake yi musu, rabin 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa. Babana yakan ce idon tsoho ya tafi.

Wata Asabar na ce yau zan gyara ɓarnar tsufa, a yaba mini, takalmi ya fito. Na ɗauki hauya na bi kunyoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ko ɓera ya zo bayana, da kuka zai koma. Na cika masaki, na ɗauko a kai ina rangaji, na dire gaban kakana a gindin ɗorawa.

Ya dubi masakin, ya dube ni.

"Mi kika yi, ɗiyar nan?"

"Abin da idonka ya bari na kwaso maka, Baba Tsoho."

"Idona? Daga nan ina ganin ƙudan da ke kan hancinki. Wannan kala ce. Ba tamu ba ce."

Kala dai ita ce abin da ya rage a gona bayan an gama girbi, kowa na iya tsinta ba a ce ya roƙa ba. A hayin rafi akwai wata tsohuwa Musulma, mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi birni neman kuɗin mai bai waiwayo ba, ya bar mata jikoki uku. Sau biyu kakata ta aika mata da dawa, sau biyu ta maido, ta ce ita ba mabaraciya ba ce. Amma kala takan zo kowace shekara. Da ita take yin ƙuli da mai, da ita yaran ke kaiwa damina.

Na ce to a kai mata masakin mana. Kakana ya girgiza kai. Ya ce a majami'a an koya mana Ubangiji yana da rabo a kowace gona, kuma a hannun mabukaci yake karɓa. Almasihu bai ce mu ciyar da mutum mu kuma cinye masa mutunci ba.

"Jibi za ta zo. Tashi ki maida su inda kika same su."

Ni kaɗai ce a duk ƙasar Katsina na taɓa shuka gyaɗa da kaka. Wuni guda ina duƙe, ina tona ina binnewa, shi yana biye da ni da sanda. "Kada ki tara su wuri ɗaya, za ta gane. Watsa su kamar kuskure."

Ranar Litinin na laɓe cikin karan dawa. Ta zo da jikokinta, suka yi ta tono har rana ta take. Da ta ɗaure kayanta sai ta tsaya, ta ɗaga murya ba ta dubi inda nake ba.

"Ke mai leƙe, ki ce wa tsohon nan Allah ya ƙara wa idonsa lalacewa."

Takalmin ban same shi ba. Yanzu kuma ina ganin masu kyauta suna tsayar da mabukaci a rana, riƙe da buhu, sai an ɗauki hoto. Ni dai 'yar gonata ta bayan gari, 'ya'yana sun fara cewa idon Mama ya tafi. Ban musa musu ba.