Ƙwaron da Kaka Ta Ƙera Domina

Ina shekara tara aka kai ni Badarawa, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara. Babana direba ne a Kaura Namoda. Ya rasu a hatsarin mota, mahaifiyata ta yi wani aure, sai aka ɗora ni a bayan akori-kura tsakanin buhuna zuwa gidan kakata, wadda ta haifi babana. Ba ta taɓa son mahaifiyata ba. A ganinta ita ta janye mata ɗa daga gona zuwa birni.

Bayan magariba jikoki kan kewaye murhunta, tana gasa gyaɗa cikin toka tana ba da tatsuniya. Bakinta da daɗi, wannan ba zan hana mata ba. A mako na biyu da zuwana ta ce yau za ta ba mu labarin wani ƙwaro, Baƙuwar-rumbu.

Ta ce girmanta bai kai ƙwayar gero ba. Ba ta da ido, da ƙafafunta take jin ƙanshin hatsi. Ba ta sha ruwa, danshin ƙwaya ya ishe ta. Uwar kan huda ƙwaya, ta saka ƙwai ɗaya, ta liƙe ƙofar da miyau, ta tashi abinta ta nemi wani rumbun. 'Yar kuwa ta zauna ciki tana ci, ta bar ɓawo lafiya lau, mai gida na ganin rumbunsa cike, sai ranar da ya damƙa ya ji gari.

Sani, ɗan baffana, ya ce, "Inna, hayaƙi ba ya kashe ta?"

"Toshe hancinta takai, a ciki yake, ƙarƙashin fiffike. Toka kuwa ƙiba taka sa ta."

"To daga ina taka zuwa?"

Kaka ta juya gyaɗa da tsinke. "Ba ta ƙauye ba ce. Daga Kaura taka zuwa, cikin buhu, bayan mota."

Yaran suka waiwayo gaba ɗaya. Wata ta fashe da dariya. Ban san inda na samo ƙarfin ba, na ce, "Inna, ita 'yar, ita ta sa kanta cikin buhun?"

Ta dube ni. Sannan ta watsa ragowar ruwan buta a kan garwashin, ta ce kowa ya tashi, labari ya ƙare. Sunan kuwa ya bi ni. Shekara huɗu ana kirana Baƙuwar-rumbu a bakin rijiya, har na koyi ɗaukar tuwona in koma bayan ɗaki, kada a ga ina ci.

Yanzu ina koyar da darasin noma a Shinkafi. Duk sanda na zana ƙwaron hatsi a allo nakan yi mamakin yadda tsohuwar da ba ta yi boko ba ta lura da shi haka daki-daki, kuma ta zaɓi ta kashe basirar a kan yarinya. Na gane baƙin cikin ɗanta ne ya ci ta, ta rasa wanda za ta huce a kansa. Na gane ɗin. Amma ranar da aka aiko ta rasu, na yi mata addu'a, na jira hawaye, ba su zo ba.