Ragon da Ba na Sallamawa

Shekarar da aka kawo shari'a, ita ce shekarar da gigin tsufa ya kama Malam, maigidana. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana dillancin dabbobi, sai ga shi bai san sunana ba. Kullum da hantsi zai saɓa sanda ya kama hanyar Kongolam, wai kasuwa ta ci. Sau biyu masu babur suna dawo mana da shi, ƙafa duk ƙaya.

'Ya'yana suka ce in ya ƙara fita, kulle shi za su yi a ɗaki. Uban nasu!

Aka soma magani. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi har kajina suka ƙaurace wa gidan. Ɗana na Kano ya turo wata ma'aikaciyar asibiti da hotuna, tana tambayar Malam yau wace rana ce. Ya dube ta ya ce, "Yarinya, da girmanki ba ki sani ba?" Buhun gero biyu suka tafi a kan wannan.

Ni kuwa da ban yi boko ba, ragona na ɗaure a gindin darbejiya. Da Malam ya ɗauki sanda sai in ce, "Dillali, ba ka taya ba?" Ya duba haƙora, ya taɓa ƙugu, ya taya. In ce, "Albarka." Haka za mu yi har azahar, ya ci tuwo, ya kwanta. Wata huɗu bai taka zaure ba.

Sai babban ɗana, da bai daɗe da ajiye gemu ba, ya ce, "Inna, cinikin da babu niyyar sayarwa yaudara ce." Ya kawo mai ruƙiyya, aka yi kwana uku ana kiran aljani, aljani bai amsa ba. Ladan aikin kuwa, ragona.

Washegari a bayan garin Mai'aduwa aka tsinto Malam.

Na hana a sa wa ɗakinsa kwaɗo. Na tasa 'ya'yan gaba, har da Malam, zuwa gidan mai ruƙiyya. Malam na ganin ragon ya buɗe masa baki, ya ce, "Wannan tsoho ne, ga tari." Ya yi ta kushe shi har mutumin ya sallama a rabin kuɗi, yana godiya.

Ɗana ne ya biya. Malam ya riƙo igiya har gida, ya miƙo mini, ya ce, "Hajiya, nawa?"

Na ce, "Albarka."